Furar Kirgistan

Wani ne a unguwar Sa'alaba ta Jidda, direba, tumbinsa har yana taɓa sitiyari. Likita Wejdan ta auna jininsa ta ce, "Babu gishiri, babu kitse, ka dinga tafiya a ƙasa. In bai sauka a wata ɗaya ba, halas, shi ke nan, babu kai babu tuƙi."

Ana haka kafilinsa Nayef, wato ubangidansa, ya shirya hawan duwatsu a Kirgistan. Ya ce, "Yalla, zo ka riƙe jaka, ka rage wannan kayan."

Ranar farko suka isa tantin wasu makiyaya. Gogan naka ya ga an jera wasu fararen dunƙule-dunƙule a tire. Ya dafe ƙirji.

"Allahu akbar! Fura har nan?"

Mai yi musu jagora ya ce, "Kurut ne. Busasshen nono da gishiri. Ɗaya ake tsotsa a hanya."

"Ni za ka koya wa fura?"

Ya kwashi goma sha biyu, ya farfasa da dutse, ya dama da nonon goɗiya. Kurɓar farko idonsa ya kawo ruwa. Amma ya riga ya cika baki, dole ya shanye tas.

Kashegari aka yanka musu rago. Da yake direban ne mai furfura, aka ajiye masa kan ragon a gabansa. Al'adarsu, babban baƙo ya ɗan taɓa, ya yanyanka ya raba wa jama'a. Kowa ya zuba ido yana jiran rabonsa. Mutumin ya naɗe hannun riga, ya cinye kunne, harshe, ido, har ya fasa ƙashi ya tsotse ƙwaƙwalwa. Ya haɗa da kitsen jela don kada a ce ya raina mutane.

Tafiyar ƙasa kuwa, doki ne ya yi masa ita. Dokin ma sai da aka canza sau biyu.

Da suka dawo Jidda, likita ta auna, ta cire tabarau, ta sake aunawa.

"Ya ammi, baffa, ba na ce babu gishiri babu kitse ba?"

"Ai likita, dokarki kamar iƙama ce, takardar izinin zama. A Saudiyya kawai take aiki."

Ta miƙa hannu ya ba ta mukullin mota. "Shi hawan jinin, biza ya tsaya jira da ka tafi?"