Garar da ke cin gada

Wani ne a wajen Droum aka ɗauka gadin sabuwar gadar siminti, wadda ta nan kaɗai gyaɗar ƙauyen ke fita zuwa Damagaram. Ranar buɗewa, bayan an sha tafi an ɗauki hoto, injiniya ya ja shi gefe.

"Akwai ƙarafa cikin ginshiƙan nan. In ka ga ja-ja na tsattsafowa ko siminti ya tsage, ƙarfen ne ke lalacewa. Ka kira ni. Gadar nan ta faɗi, aikinka ya faɗi."

"To, Mushe injiniya. Kai fa, yaushe za ka leƙo?"

"Duk wata!"

Tun daga ranar ko ƙurar motarsa ba a ƙara gani ba.

Damina ta wuce, sai ga jan layi ya gangaro jikin ginshiƙi. Gogan ya kira injiniya, waya a kashe. Ya ruga gida hankali tashe.

"Kulu, gara ta kama gada!"

"Gara a siminti, Malam?"

"Da idona na ga jar hanyarta, irin ta jikin rumbunmu sak."

Ya fasa kantun gishirin Bilma na miyar matar, ya jiƙa, ya ɗura a 'yar tsagar da jan ke fitowa, wai maganin gara. Ja ya ƙaru. Ya ce taurin kai ne, ya ninka gishirin, safe da yamma. Tsaga ta buɗe har hannu na shiga. Ya kwaɓa laka da kashin shanu ya yaɓe, ya shafe da farar ƙasa, har da zanen ado irin na gidajen Birni.

Kwatsam aka ce manya za su bi ta hanyar. Sai ga injiniya ya faka mota a tsakiyar gada, ya sauko da 'yar guduma. Bugu ɗaya, yaɓe ya zubo, siminti ya biyo baya. Ƙarafan sun koma kamar tsinken tsire.

"Innalillahi! Me ka zuba a nan?"

"Gishiri, Mushe. Gidana miya lami muke sha saboda gadar nan."

Injiniya ya ɗora hannu a ka. "Ka kashe ni! Wace irin gara ce ke cin ƙarfe?"

"Irin wadda kake kallo. Ni dai shawarata, janye motarka daga sama. Ita ma ƙarfe ce, kuma garar ba ta ƙoshi ba."