Rasuwar Darnin Garken Malam Mijinyawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tsakar gida mai cike da awaki, Malam Mijinyawa na Jajaye yake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar darnin garkensa, wanda ya kwanta dama ranar Talata da hantsi, bayan jinyar mako uku.

An kafa marigayin da kakar 1985, da karan dawar gonar gado da turakun marke. Shekara shida yana tsaye a bayan gida, ana yi masa ƙarin kara duk kaka. Bai taɓa neman hutu ba. A zamaninsa babu akuyar da ta shiga gyaɗar maƙwabci, babu ranar da aka kira Malam gaban mai unguwa. Sau biyu aka wayi gari da sawun kura a gindinsa, ta zagaya ta koma da yunwarta. Shi mai kawaici ne. In iska ta taso, iyakar maganarsa "kyaras, kyaras," sai kuma "ƙiii" in an ja ƙyauren.

Ciwon ajali ya fara ne da gara, wadda ta kama shi ta ƙafa. Malam, da yake mutum ne mai saurin damuwa, ya kasa cin tuwo. Ya kai kuka wurin surukinsa Sulle, wanda bai taɓa rasa maganin komai ba. Sulle ya rantse cewa gara ba ta jituwa da kanwa, a jiƙa kwano biyu a yayyafa wa mara lafiya daga sama har ƙasa. Uwargida ta ce a dai tuna su wa ke zaune a cikin garken. Malam ya ce maganar jinya ta maza ce.

Gara dai ta ci gaba da aikinta. Awaki ne suka gode. Su da ake ba su kanwa da ɗan yatsa, sai ga ta an shafe musu bango guda da ita. Suka fara da lasa, suka koma tauna. Kafin kwana huɗu ana hango gonar gero ta haƙarƙarin marigayin. Malam ya ga rama ta ƙaru, ya ɗauka magani ne bai isa ba, ya ƙara kwano ɗaya. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ɓaras," lokacin da jan bunsuru ya jingina da shi.

Ya rasu ya bar turaku tara, uku daga cikinsu ba lafiya, da ƙyaure ɗaya da ke tsaye shi kaɗai yana tsaron iska. Ya bar awaki bakwai, waɗanda ba a ga alamar nadama a fuskarsu ba, da tumaki huɗu. Cikin tumakin akwai ta Rabi'atu, 'yar Malam, wadda kakarta ta ba ta, ga tunkiyar da tsohon ciki. Tun ranar Talata Rabi'atu ba ta zauna ba, ga shi kuma jiya da safe an sake ganin sawun kurar nan a bakin rafi. Dabbobin dukansu yanzu suna tsakar gida, sun ci tabarma ɗaya da gefen zanin shanya.

Game da magaji, iyali sun zauna. An kawo sunan waya, aka ce akuya na ratsa ta kamar ƙofar ɗakinta. Kara kuwa an ga ƙarshensa. An tsaya a kan bini-da-zugu, wanda akuya ba ta ko sansana shi, a dasa da damina. Kafin ya girma, farar ƙaya za ta riƙe masa kujera, a jibge ta har tsayin kafaɗa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan sallar asuba. Za a kai gawar murhu, inda za ta dafa kunun masu gayya. Kowa ya zo da adda da takalmi mai kauri. Sulle ma ya zo, an yafe masa, amma an ba shi aikin jan ƙaya.

Malam yana roƙon a yi masa uzuri, ba za a shimfiɗa tabarmar ta'aziyya ba. A tsaye za a karɓi gaisuwa, domin tunkiyar Rabi'atu ta fara kafa nono, kura kuma ba ta zaman makoki.