Gargaɗi Na Uku

Wani Bahaushe ne a unguwar Utaibiyya a Makka, direban tasi, irin mutanen nan da ba sa jira a ƙarasa musu labari. Wata rana ya ɗauko fasinja daga unguwar Shisha, fasinjan ya ce masa yanzu mutane na zaune a ɗaki suna buga wasan bidiyo, su ɗora a intanet, kuɗin talla na shigo musu. Kafin la'asar mutuminka ya lulluɓe mota da tampol, ya sayo na'ura da wasan tseren motoci. Ya bi maƙwabta gida-gida yana shaida musu ya bar tuƙi har abada.

Da ya kunna wasan sai sharuɗɗan kamfani suka fito, shafi arba'in. Matarsa Dalal ta ce, "Ya shaikh, ba za ka karanta ba?"

Ya ce, "Mutanen da suka zauna suka rubuta shafi arba'in ai ba za su cuce ni ba." Ya danna "Na yarda".

Ya ɗora bidiyon farko. An kalla sau tara, shida daga ciki shi ne. Washegari sai ga saƙo: kiɗan da ke cikin wasan mallakar kamfani ne, wannan gargaɗi na farko, a na uku za a rufe tashar bidiyonsa. Hankalinsa ya tashi, don in aka rufe sai ya yaye tampol a gaban duk unguwa.

Dalal ta buɗe sharuɗɗan ta duba masa. "Sun ce wasan kana iya nunawa, amma ban da kiɗansu."

Ya ce, "Halas, shi ke nan. Su riƙe kayansu."

Ya kashe sautin wasan gaba ɗaya, ya koma yi da bakinsa. Shi ne injin, shi ne birki, shi ne kiɗa. Kwana uku yana atisaye, har maƙwabcinsu Mukhtaru ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in injin wankinsu ne ya lalace, ya san mai gyara. Aka ɗora bidiyo. Na'urar kamfani ta saurara, ta gane kiɗanta tsaf, ta aiko gargaɗi na biyu.

Mutumin nan murna ta kama shi, ya juya ga Dalal. "Kin ji, Ummu Raghad? Ko su ba su bambance bakina da kiɗansu ba."

Ta ce, "Mabruk. Saura ɗaya."

Sai ya tuna yadda ake kashe rigima a unguwa. Ya zauna ya rubuta wa kamfani wasiƙar sulhu. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiya, ya yi alkawarin jarkar Zamzam da kwalin dabinon ajwa, ya ce in Allah ya kawo su Umra ɗakin baƙinsa nasu ne. Bai ajiye waya ba amsa ta dawo: "Mun karɓi saƙonka, muna godiya." Ya ƙara da zuma, ya sake aikawa. Amsa ita ce dai. Sau goma sha ɗaya.

Ya girgiza kai. "Wannan bawan Allah akwai haƙuri, amma ba ya sauya magana."

Dalal ta ce, "Na'ura ce, ya shaikh. Saurara. Akwai abin da suka kira amfani na adalci. Wai naka da ke cikin bidiyon ya fi nasu yawa."

Ya miƙe ya ɗauki makullin mota. "Yalla, ɗauko abayarki. Yau ko ƙwayar abinsu ba za su gani ba."

Ya yaye tampol, ya ce wa maƙwabta aikin ɗaukar hoto ne, ba tuƙi ba. Ya nufi Muzdalifa. Ba lokacin Hajji ba ne, hanya fetal, ba bas ba mahajjaci. Ya ɗora abin danna wasan a gaban gilashi don a san wasa ne, ya miƙa wa Dalal waya ta ɗauka daga kujerar baya.

Ya fuskanci waya ya ce, "Motata ce, injina ne, hanya kuwa ta Allah ce. A fara tsere."

Aka fara. Gudun arba'in.

Dalal ta ce, "Wannan ne tseren? Ga kyanwa can ta wuce mu."

"Yi shiru, ana ɗauka."

"Shekara goma sha biyu kana tuƙi a Makka, ka ɓata a filin da ba kowa. Wannan fitilar sau uku muna gaishe ta."

Haka ta yi ta yi har suka dawo gida, shi kuma ya ɗora bai yanke komai ba. Kafin Juma'a duk wani Bahaushen Makka ya tura wa ɗan'uwansa, har Kano da Maraɗi. Ba wanda ya ce uffan kan tuƙinsa, kowa Hajiyar kujerar baya yake tambaya. Kamfani ya yi gum. Kuɗin talla suka fara shigowa.

Ya shigo gida yana taƙama da ledar tsire a hannu, sai ya tarar da Dalal zaune. Takardar aurensu na kan cinyarta, yatsanta na kan maɓallin kai ƙara.

Ta ce, "Muryar wa ke cikin bidiyon?"

"Taki. Amma ai amfani na adalci ne."

"Nawa ya fi naka yawa. Ko kuɗin su riƙa zuwa wajena, ko in danna na uku."

"Ni da matata? A wane littafi?"

Ta miƙa masa takardar. A gurbin sharuɗɗa ga rubutun mahaifinta: ba a fitar da hotonta ko muryarta ga jama'a sai da izininta.

Ya karanta sau biyu. "Yaushe na amince da wannan?"

Ta ce, "Ranar ɗaurin aure. Nan ma 'Na yarda' ka ce ba ka karanta ba, kuma layi ɗaya ne."