Yadda Na Yi wa Injin Jirgin Ruwa Wamin

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Asabar ɗin da mai duba jirgin ruwa ya zo gidana a unguwar Magajiya ta Suleja ba. Bari in ɗauko maganar daga tushe, domin ni ba na son labari a hargitse.

Shekara talatin na yi ina tuƙa motar ma'aikata tsakanin Suleja da Abuja, kuma babu injin da ya taɓa bugawa a hannuna. Da na yi ritaya sai na sayi ɗan jirgin ruwa na hannu, na faiba, wato roba mai tauri, mai cin mutum shida, daga wani mutum da zai bar Abuja. (Kada ku tambaye ni dalili. Matata Hajiya ta tambaya ta gaji.) Na yi wa jikokina alkawari ran Sallah zan zaga da su a tafki. Masu kula da tafkin suka ce jirgi ba ya taɓa ruwansu sai da takardar inshora. Kamfanin inshora kuma suka ce tunda na hannu ne, sai injiniyansu ya duba shi ya ce lafiyarsa lau. Suka ba ni mako uku.

Aka jawo jirgin a 'yar tirelarsa aka ajiye a ƙofar gida, ni kuwa na shiga shiri kamar yadda na saba in za a duba mota. Na farko, na wanke shi. Na biyu, na sayi rigunan ceto shida da tukunyar kashe gobara, kamar yadda suka rubuta. Na uku, kuma wannan babu a takardarsu, ni na ƙara da kaina, na soma yi wa injin wamin. Kowane direban kirki ya san inji ba ya kwana ya tashi ba a ɗumama shi ba. Kullum in na dawo daga sallar asuba sai in ja igiya, in bar shi ya yi ruri na minti biyar. Na nemi lagireto in zuba ruwa ban gani ba, sai na yanke hukunci cewa irin na babur ne, iska ke sanyaya shi.

Har littafi na buɗe masa. Rana, lokaci, abin da na lura.

Maƙwabcina Alhaji Tanko, wanda tun muna firamare yake neman inda zan kasa, yakan leƙo ta katanga ya ce, "Kyaftin, yau ma unguwar Chaza za a ƙetara? Ka jira damina, kwatar layin nan ta ishe ka." Ni dai sai in ci gaba da wamin ɗina.

Ran Asabar injiniyan ya iso, wani Banufe mai sanyin magana, da jaka a kafaɗa. Kafin ya gama gaisuwa rabin layinmu sun taru, har Hajiya ta tsaya daga soro tana leƙe. Ya zagaya jirgin yana ƙwanƙwasa jikinsa da ɗan guduma, yana kasa kunne kamar mai sayen kankana. Ya duba lambar da ke bayansa ya gwada da ta rasit. Ya ƙirga riguna.

"Baba, jikin nan garau yake," in ji shi. "Saura inji. Ina duron ruwan?"

"Wane duro?"

"Wanda za mu tsoma ƙafar injin mu tayar."

Nan na fara rikicewa, amma ban nuna ba. Na ce, "Injiniya, ba sai ka wahala ba. Inji yana hannun masani." Na shiga ciki na ɗauko littafin, na miƙa masa da hannu biyu. (Har gyaran murya na yi, don Alhaji Tanko ya ji.)

Ya buɗe. Ya karanta shafin farko, ya ɗago ya dube ni, ya koma. Sai ya soma karantawa a bayyane, a hankali.

"Rana ta ɗaya, ya tashi bugu ɗaya, minti biyar, ɗan warin roba. Rana ta huɗu, warin ya daina. Rana ta tara, ya mutu da kansa a minti uku, na sake tayarwa na cike biyun." Ya tsaya. "Baba, ka cike?"

"Ƙa'ida minti biyar ce."

"A nan? A kan ƙasa?"

"To a ina? Ko'ina a bushe yake, ɗigon ruwa ban taɓa gani ba. Duba shafi na uku, na rubuta: babu yoyo."

Ya rufe littafin, ya cire hularsa ya shafa kai. Ni a zatona yabo ne ke tafe, irin wanda ake rasa ta inda za a fara. Sai ya tsuguna ya nuna mini wasu ramuka a ƙasan injin. Ya ce ta nan yake zuƙar ruwan tafki ya sanyaya kansa, akwai 'yar fankar roba a ciki mai tura ruwan sama ya zagaya ya tsartu waje, in ta juya a bushe ko na minti ɗaya ƙonewa take.

"Warin da ka ji ran farko, ita ce. Ran da ya daina, ta ƙare."

Na ce, "Amma ai yana tashi."

"Yaushe rabonsa?"

Na nuna masa littafin. Shi ya buɗe shafin ƙarshe ya karanta wa jama'a: "Rana ta goma sha tara, igiya ta yi tauri, na bar shi ya huta." Ya kama igiyar ya ja da ƙarfinsa. Ko motsi. Fistin ya liƙe.

Alhaji Tanko ya zauna a kan dakali don dariya ta hana shi tsayuwa. "Kyaftin! Wato kullum da asuba da kake hana mu barci, gasa shi kake yi? Kuma kana rubutawa!"

Hajiya daga soro ta ce mini, "Alhaji, a sa wa baƙo ruwan shayi, ko shi ma iska ta ishe shi?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ladabin injiniyan. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan ɗauki hoton littafin nan. Na daɗe ina wannan aiki, ban taɓa samun mai jirgin da ya rubuta mini rahoto da hannunsa ba." Ya ɗauka shafi bayan shafi, ni na riƙe masa. Ya ce jiki ya ci, inji ya faɗi, babu takarda sai an gyara an gwada shi a cikin ruwa a gabansa.

Gyara bai samu kafin Sallah ba. Alkawari kuwa na riga na ɗauka, don haka na kwashi jikoki muka hau jirgin haya a tafkin, karo na farko da ƙafata ta taɓa shiga jirgi a kan ruwa. Su suna ihu suna kallon gari, ni na ƙanƙame kujera ina kallon baya, inda wani siririn ruwa ke tsartuwa daga jikin injin ba ya tsayawa.

Har gobe ina bin abubuwa daki-daki, wannan hali ba zai bar ni ba. Sai dai yanzu na farko ya koma na biyu. Na farkon shi ne in tambayi wanda ya sani, ko da kuwa a gaban Alhaji Tanko ne.