Zomon Uwar Sauro

"...lafiya lau, sai dai gajiyar jiran bawa. Shigo ka ja min ƙofar nan, kada iska ta bugar min 'ya'ya."

"'Ya'ya! Ku ji min mata, jama'a. Duniya na sayen maganin sauro, ita tana yi masa shimfiɗa. To ina wuni, Uwar Sauro? Ya masu jego?"

"Suna nan suna jiran ka, Mai Alli. Ajiye kwalin a hankali."

Haka suke tun suna 'yan mitsi-mitsi. Ita 'yar kawunsa ce, shi ɗan goggonta, taubasai ke nan, ba mai raga wa wani. Kamar da gayya kuma sai Allah ya haɗa su aiki a jami'a ɗaya, ita a sashen Bayoloji, shi a Fiziks, benensu na kallon juna.

Ɗakin da ya shigo ɗan ƙarami ne, ga zafi ga laima. An jera kejin raga a kan kanta har sama, a ƙasa kuma fararen tire ne cike da ruwa, tsutsar sauro na ta wutsil-wutsil a ciki. Wannan sauron fa ba na kwata ba ne. Tun kafin ta yi aure take kiwon sa, zuriya bayan zuriya, tsaf da shi babu cuta a jikinsa, tana bin diddigin abin da ya sa maganin feshi ya daina kashe irinsa. To amma macen sauro ba ta yin ƙwai sai ta sha jini. Tallafin binciken ya ƙare, zomon ƙarshe da ake ɗora musu ya mutu, sai baiwar Allah ta koma zura musu hannunta. Da likita ya dubi cikin da take ɗauke da shi, ya dubi yadda jininta ya yi ƙasa, ya ce in ta sake babu ruwansa. Shi ne ta aiki taubashin nata ya sayo mata zomo. Ya ce an gama. Ta yarda da shi, ta cire wa sauron audugar ruwan sukari tun jiya, don yunwa ta kama su su sha da kyau. Yanzu kam ko su sha jini yau, ko gobe ta kwashe gawarsu da tsintsiya.

"Na ji kwalin shiru. Barci zomon yake?"

"Zomon malamai ne. Tunani yake."

"Ka dai sayo min ragowar kasuwa, na san halinka. Mutumin da aka aika sayen ragon suna ya dawo da mai tari."

"Ke ba ki san wuyar da na sha ba. Ina shiga, zomayen kasuwa kaf suka kira taro. Babbansu ya miƙe ya ce, 'Wa? Matar nan ta Bayoloji? Gara a yanka mu, aƙalla a yi mana bismilla.'"

"Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya."

"Wallahi har wani ya suma. Wai ni tsaya, me kuke yi ne a sashen nan in ban da ƙirga ƙafar ƙwari? Mu muna can muna tambayar yadda aka yi sama ta tsaya babu ginshiƙi, ku kuna nan kuna tambayar me sauro ya karya da shi."

"To sama ta tsaya, sannunku da ƙoƙari. Ranar da ɗanka ya kwana da zazzaɓi sai ka tofa masa lissafin taurari."

"Madubin da kike leƙen tsutsa da shi, wa ya ƙera? Mu. Firij ɗin can? Mu. Wutar lantarki..."

"Wadda babu? Ai kuwa na ga aikinku, yana kyau."

"Kya ji da shi. Mu ne giwar kimiyya, yarinya. Ku duk a ƙarƙashin cikinmu kuke kiwo."

"Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Balle giwar da ba ta da komai sai allo da alli. Dubi wandonka, kamar wanda ya yi dambe da mai niƙa."

Ya kakkaɓe wandon yana dariya, ya ja kujera ya zauna kusa da kwalin, ya ɗora ƙafa ɗaya a kansa. Ita kuwa hankalinta na kan kejin. Wasu daga cikin sauron sun daina tashi, sun lafe a jikin raga, abin da ta fi tsoro ke nan.

"Ku ai 'yan gata ne," in ji shi. "Da kun ce 'cuta' sai masu tallafi su buɗe jaka. Mu in mun ce 'haske' sai a ce to, a kashe in an fita."

"Sun buɗe jakar, sun rufe da yatsuna a ciki. Bara zazzaɓi ake yayi, bana wai sun koma wani abin. Suka ce in kawo sakamako kafin su ƙara. Na ce sakamakon ai sai da abin da za ku ƙara. Suka ce suna yi min fatan alheri."

"Kin dai yi sanyi. Rashin jini, rashin tsagawa."

"Ni za ka faɗa wa tsagawa?"

Ta ɗan janye hannun rigar aikinta. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa babu wurin ɗora yatsa, tabo kan tabo, sabo kan tsoho. Mai Alli ya kalla, ya kau da kai, ya shiga gyaran tabarau ɗin da babu abin da ya same shi.

"Kawu ya ga wannan?"

"Baba cewa ya yi da ya sani da shagon ɗinki ya buɗe min. Kai dai ka huta. Aikinka in an ƙi shi, sai ka naɗe takarda ka jefa a durowa. Ko bayan shekara goma ka ɗauko, lissafin na nan, bai rame ba, bai yi wari ba. Nawa ci yake, sha yake, mutuwa yake. Ba a ce masa ya yi haƙuri sai kasafin baɗi."

"Takardar ce ba ta ramewa. Mai takardar fa?"

"Kai da kake da amarya a lulluɓe? Ya take ne, har yanzu ba a buɗe fuskar ba?"

Amaryar dai wani injin awon haske ne da wasu masu tallafi suka saya wa sashensu da daɗewa. Suka biya kuɗin inji, suka yi hoto da shi, suka tafi. Kuɗin gyara ɗakin da za a kafa shi da na injiniyan da zai haɗa shi kuwa, kowa ya ce ba nasa ba ne. Yana nan cikin akwatinsa na katako a baranda, ɗalibai na zama a kai suna cin gyaɗa.

"Tana lafiya. Ta ma haihu."

"Kai haba!"

"Beraye. Na ji kukansu a ciki ran nan. Kin ga ashe injin Fiziks ma in ya gaji da jira Bayoloji yake komawa."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ba don ranta na so ba. Sai ta ɗauko baƙin ƙyallen da take rufe keji da shi in za a ba su jini, ta yafa a kafaɗa.

"To ya isa. Ɗaga ƙafarka, bawa, a ba baƙo masauki. Sai na aske masa ciki ma tukuna."

"Ki bar shi ya huta mana. Ya sha rana."

"Ɗaga."

"Yana azumi."

"Mai Alli, ɗaga ƙafar nan."

Ya ɗaga. Ta durƙusa da ƙyar, ta buɗe kwalin. Littattafai ne masu kauri, gefensu ya yi baƙi don shafa. Ga kofin shayinsa mai karyayyen hannu, ga ragowar alli a cikin gwangwani, ga ɗan katakon sunansa da ya ciro daga ƙofar ofishinsa. Ta ɗaga littafi ɗaya, ta leƙa ƙarƙashinsa kamar mai tsammanin zomon ya ɓuya a can.

"Mene ne wannan?"

"Fiziks ne. Kaf ɗinsa. Kin ga bai da nauyi."

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma na daina. Na ajiye aikin. Wani kamfanin masu ɗaura sola ne ya ɗauke ni, can wani gari. Gobe da safe motar za ta tashi." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Duk karatun da na yi a kan haske, ga shi zan je in hau rufin mutane in ɗaura musu shi da ƙusa. Ɗalibina na ƙarshe ma can yake. Shi ne zai zama ogana."

"Zomon fa?"

"Na je kasuwar, wallahi na je. Na taya, mai zomo ya faɗi nasa, na laluba aljihu, na yi masa sallama. Kunya ce ta hana ni kiran ki."

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Haushi ya taso mata, ta so ta zage shi zagin gaske, ba na taubasai ba. Ta cire sukarin nan ne don ta yarda da maganarsa! Amma da ta dubi kofin shayin nan a cikin kwali sai zagin ya maƙale. Tare suka yi ta cika baki a tsakar gidan kakarsu, shi zai gano abin da ba a taɓa ganowa ba, ita za ta kori zazzaɓi daga duniya, tsohuwa na ce musu su fara korar kaji daga shanyarta tukuna. Yau ga inda cika bakin ya tsaya. Baƙin ciki ya rufe ta, ta ji ta gaji, gajiyar da ba ta barci ba.

Ta miƙe, ta nufi babban kejin, ta fara naɗe hannun riga.

"Me za ki yi?"

"Abin da zomonka ya ƙi."

"Wallahi kika zura hannun nan sai na kira mijinki, in kira Kawu, in haɗa da likitan."

"To in zuba musu ido su mutu? In kejin nan ya zama fanko, shugaban sashe sito zai mai da ɗakin, ya riga ya faɗa. Irin nan kuma ba a kasuwa ake sayen sa ba. In ya tafi ya tafi, da ƙuruciyata a ciki."

"Matsa."

"In matsa ina?"

"Matsa, na ce. Ga zomon nan ya iso."

Ta juyo. Ya tuɓe agogo ya sa a aljihu, yana naɗe hannun rigarsa, fuskar nan kamar wanda za a cire wa haƙori.

"Kai? Kai da kake kwana cikin gidan sauro biyu? Kai da aka bi ka da allura har kan katanga?"

"Sharri ne. Binciken tsayin katangar nake."

"Ka yi zazzaɓi kwanan nan? Ka sha wani magani?"

"Da wane kuɗin?"

"Turare fa?"

"Sai na alli."

"Je ka wanke da ruwa zalla, ban da sabulu. 'Ya'yana ba sa cin ƙazanta."

"Ikon Allah! A sha jinina kuma a yi min tsirfa."

Ya wanke, ya dawo yana yarfe ruwa. Ta kwance bakin ragar, ya zura hannun har gwiwa, ta ɗaure, ta rufa baƙin ƙyallen a kan kejin, ta bar 'yar kafa tana leƙe. Da farko shiru. Can sai ɗaya ta taso daga jikin raga ta sauka, sai ta biyu, sai ga su nan baƙi ƙirin a kan fatar.

"Wayyo Goggonki! Uwar Sauro, waɗannan ba 'ya'ya ba ne, 'yan fashi ne!"

"Kada ka motsa! Ka kashe min ɗaya sai ka biya diyya."

"Me suke cewa? Ya suka ji jinin Fiziks?"

"Sun ce salam, ba gishiri. Amma da babu gara ba daɗi."

"Za ki gani. Jikokinsu da lissafi za su fito, feshi ma sai sun auna shi kafin su mutu."

Ta ci gaba da leƙe. Cikin sauron na kumbura, yana yin ja, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ƙwan dai ya samu. Ta san kuma in 'yan cikin tiren can sun yi fiffike su ma jini za su nema, a lokacin shi yana can kan rufin wani.

"Na gaba fa, Mai Alli?"

Ya dubi kwalinsa, ya dubi jerin kejin da ke sama.

"Wancan na kusa da taga, su ma tun jiya ba su ci ba?"

"Su ma."

"To jawo shi nan." Ya miƙa mata hannun hagu, yana dariya, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Na yarda, bawanki ne. Naɗe min rigar, ranki ya daɗe. Hannu biyu gare ni, kuma sai gobe kamfani zai karɓe su."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta jawo kejin.