Ranar da Na Goya Bakwaini a Ƙirji

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a ɗan asibitinmu na Kucheri ba. Ko na so in manta ma, matan garin ba za su bar ni ba.

Lokacin ban daɗe da dawowa daga bita a Gusau ba. Kwana uku ana koya mana abin da bincike ya tabbatar: jaririn da aka haifa bakwaini, idan aka ɗaure shi a ƙirjin uwarsa, fata na taɓa fata, ɗumin jikinta kan taimaka masa ya rayu. Na dawo da jaka, da takardu, da girman kai (ni fa ƙaramin jami'in lafiya ne, amma "Likita" ake ce mini, kuma ban taɓa gyara wa kowa ba).

Sai ga Hauwa'u an kawo, haihuwar fari, da ɗanta bakwaini ɗan mitsitsi, ƙafafunsa sanyi ƙalau. Ba mu da kwalbar saka jarirai, wutar ma babu. Na san sanyi zai iya tafiya da yaron nan. Amma a raina na ce yau ilimin Gusau zai yi aiki.

A gaban uwar mijinta da wasu mata cike da ɗaki na ce, "Hauwa'u, karɓi ɗanki ki manna shi a ƙirji."

Ta sunkuyar da kai. Na maimaita, ta juya fuska bango. Na zaro takarda ina karanto mata sakamakon bincike, har da ɗaga murya. Ni da mahaifiyata har gobe ba ta kama sunan babban yayanmu, wai ni ne na manta da kunyar ɗan fari!

Da haushi ya ci ni sai na tuɓe riga, na ari zani, na ɗaure yaron a ƙirjina. "Kun gani? Haka ake yi!"

Can sai ɗan bawan Allah ya fara lalube, ya samu abin da yake nema, ya cafke. Wayyo Allah! Na saki ƙara, mata suka kwashe da dariya, uwar mijin har da riƙe ciki. Ga ni tsaye da zani mai furanni, ga wani ruwa mai ɗumi yana gangaro mini a ciki (ba zufa ba ce).

Inna Kulu, tsohuwar ungozomar garin, ita ta cece ni. "Likita, tunda babu nono, ba mu ɗanmu." Ta kore mu waje gaba ɗaya, ta ɗaure wa Hauwa'u yaron a ƙirji, ta zumbula mata ƙaton hijabi a sama. "To, wa ya gani? Ku shigo."

Hauwa'u ta zauna kamar ba ta ɗauke da komai, uwar mijin ma ta yi kamar ba ta sani ba. Bayan la'asar Inna Kulu ta zura hannu ƙarƙashin hijabin ta ce ƙafafu sun yi ɗumi. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Yaron nan yanzu gudu yake yana korar awaki. Ni kuwa duk layin da na bi sai na ji, "Uwar goyo, ina kwana? Ya ɗanki?" Ina amsawa, ya zan yi?

Tun daga ranar, duk abin da aka koya mana a Gusau, Inna Kulu nake fara kai wa ta ɗinka masa hijabi, kafin in buɗe baki, balle in tuɓe riga.