Yadda Za Ka Kashe Wayar Uwarka da Sunan Gyara

Kai injiniya, bi matakan nan, aiki zai yi kyau. An gwada su a kan wata tsohuwa, ko ɗaya bai ba da kunya ba.

1. Nemi tukunyar gida
Kowace waya tana da cibiyar da ke juya komai, wadda kuke ce wa kanel. Sabuwar waya da tsohuwar duk daga wannan tukunya ɗaya suke ci. To, an kawo wata sabuwar waya mai son yaji. Kada ka barbaɗa mata a kwanonta. Juye shi a tukunya, kowa ya sha.

2. Toshe kunne
Mai gemun ofishinku zai ce dabarar waya ɗaya a bar ta a ɓangaren wayar, kada a kai ta cibiya. Ce masa tsufa ke damunsa. Uwarka tana falo tana ninke kaya, tana jin ku kuna mitin ta kwamfuta. Kada ka damu, ai ba ta yi boko ba.

3. Auna gudu
Sabuwar ta ƙara sauri da ƙiftawar ido. Sa a tafa maka. Ban da gwaji a kan wayar da aka ɗaure da roba. Masu irinta ba sa zuwa mitin.

4. Tura wa kowa
Wayar tsohuwa za ta sha gyaran, ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke. A cikinta akwai muryar marigayi babanka, saƙo ɗaya tak, yana tambaya ko ta sha maganinta. Kullum sai ta kunna shi kafin ta haɗiyi ƙwayar.

5. Miƙa mata sabuwa
Ce mata dama wayar ta tsufa. Fito da sabuwa daga kwali, nuna mata yadda take buɗewa nan take.
"Na ga ta buɗe," za ta ce. "To, ina ubanka a ciki?"
Duba agogo.

Ba ruwan mai shawara
In ka iske tsohuwa a ƙofar ofishinku da kujerarta, matacciyar waya a cinya, tana faɗa wa duk mai shiga shekarun da ka kai kana fitsarin kwance, kai ka jiyo. Ta ce ba ta tashi sai ka tsame yajinka daga tukunya. Maganin ma yana jakarta, yau kwana uku. Ba ta sha sai ya tambaye ta.